Yadda ake shirya daren dara da abokai, da yadda ake cin wasan tun daga dasawa

Dara mai gida 30 wasa ne na mutum biyu wanda ba ya buƙatar komai sai ɗan fili da natsuwa, kuma ta daɗe tana tara mutane a gindin bishiya da ƙofar gida a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Dakarkari na ƙasar Zuru a Jihar Kebbi sun yi suna a kanta, Zabarmawan Nijar suna yin ta da sunan dili, ana kuma samun ire-irenta wurin Buzaye da mutanen Mali da Burkina Faso. Akwai wani wasan da shi ma ake kira dara, mai gida 12, wanda ake zuba 'ya'ya hurhuɗu a kowane gida ana kwasa ana rabawa, amma ba shi ne abin magana a nan ba. Wadda ake nufi ita ce ta jera uku. Abin da ya sa ta dace da abokan da ke son haɗuwa da dare su gwada basira shi ne babu ƙuri'a a cikinta kamar lido, babu kuma abin da ke ɓoye kamar karta, domin duk abin da abokin karawarka yake shiryawa yana nan a gaban idonka. Wannan ne daɗinta, shi ne kuma dalilin da ya sa take saurin ɗaga zuciya, tun da wanda aka cinye ba shi da sa'ar da zai ɗora wa laifi. Saboda haka daren dara yana bukatar shiri, kuma rabin shirin ana yin sa ne kafin a dasa ɗa na farko.

Kayan wasan ba su da wuyar samu. Idan akwai yashi a tsakar gida ko ƙofar zaure, sai a yayyafa masa ruwa kaɗan don ya kama jiki, a haƙa ramuka layi 5, kowane layi da gida 6. Idan kuwa daɓen siminti ne ko a kan tabarma za a zauna, kiret ɗin ƙwai na kwali ya wadatar, domin gurabensa 30 ne cif, jere biyar sau shida, daidai da yadda dara take. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12. A yashi an saba ɗaya ya ɗauki guntayen kara ko tsinke yana kafawa, ɗayan kuma ya ɗauki tsakuwa, a kiret kuwa ƙwallon dabino da marfin kwalbar lemo sun fi zama daram. Shawarata ita ce a bambanta 'ya'yan da siffa, kada a dogara da launi kaɗai, domin a hasken fitilar sola ko tocilan baƙin dutse da jan dutse sukan rikita ido, kuma babu gardamar da ta fi ɓata dare irin ta "wannan nawa ne". A rataye fitilar sama da wurin wasan yadda inuwar hannu ba za ta rufe gidajen ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, an ci abinci, babu sauran wata salla da wasa zai shiga gabanta, a kuma sa lokacin tashi tun da wuri saboda masu sammakon aiki da haƙƙin maƙwabta.

Wasan zango biyu ne. A zango na farko ana dasawa ne, wannan ya sa ɗa ɗaya a duk gidan da ya ga dama, wancan ma ya sa nasa, har kowa ya ƙare 12 ɗinsa. A wannan zango ba a ci, kuma a ƙa'idar da aka fi bi ba a yarda mutum ya jera uku a layi ɗaya ba. Idan an gama, 'ya'ya 24 sun zauna, gida 6 kacal ya rage babu kowa. Daga nan sai zango na biyu, wato tafiya, inda kowa yake gusa ɗa ɗaya zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi idan babu kowa a ciki, gaba ko baya, dama ko hagu, ba a tsallake, ba a kuma tafiya a karkace. Duk wanda ya gusa ɗa ya cika uku a jere, a kwance ko a tsaye, ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya daga na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, tun da ba zai ƙara iya jera uku ba, ke nan sai an ci mutum sau 10 kafin a gama da shi, sai fa idan ya ga babu mafita ya sallama.

Wannan shi ne ginshiƙin, amma dara ta bambanta daga gari zuwa gari, kuma idan abokan sun fito daga wurare dabam-dabam kowa zai zo da abin da ya tashi ya tarar. Dole ne mai masauki ya tsayar da magana kafin a fara. A yanke ko jera huɗu haramun ne gaba ɗaya, ko kuwa an yarda a yi shi amma ba ya ci. A yanke ko ana iya ɗauke ɗa daga cikin ukun da abokin karawa ya riga ya jera, domin wasu suna ɗaukar jerarrun uku a matsayin masu kariya, wasu kuwa suna cin duk wanda suka so. A kuma yanke hukuncin wanda aka toshe ya rasa inda zai gusa, ko ya faɗi ke nan ko a tsallake shi. Ni na fi son a hana huɗu gaba ɗaya, a kuma ba jerarrun uku kariya, domin haka ne wasan yake yin zurfi, kuma bayanin da zai biyo baya a kan wannan ƙa'idar aka gina shi. Sai a ƙara da sharaɗi ɗaya wanda ba na dara kaɗai ba ne: ɗan da ka gusa ka ɗauke hannu a kansa ya zauna ke nan, babu mayarwa. Wanda zai fara kuwa, a ɓoye tsakuwa a hannu a sa a canka, daga nan a riƙa karɓa-karɓa.

Kuskuren da sabon ɗan wasa ya fi yi shi ne ɗaukar dasawa a matsayin share fage, yana jefa 'ya'ya da sauri don a kai ga wurin ci. Gwanaye kuwa a nan suke daɗewa, domin dasawa kamar shuka ce, abin da aka binne a farkon damina shi za a tarar a kaka. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne gidajen ba darajarsu ɗaya ba. Gidan kusurwa maƙwabta biyu gare shi, na gefe uku, na ciki huɗu, kuma a cikin gida 30 ɗin, 12 ne na ciki, 14 na gefe, 4 na kusurwa. Idan aka ƙirga duk hanyoyin da za a iya jera uku a faɗin wurin wasan za a sami 38, wato 20 a kwance da 18 a tsaye. Gidan kusurwa yana cikin biyu kawai daga cikinsu, amma gidaje biyun da ke tsakiyar layi na uku kowannensu yana cikin shida. Shi ya sa 'ya'yan farko suke tafiya tsakiya, kuma wanda ya bari aka kore shi zuwa gefe tun da farko zai ƙare yana tare hanya maimakon ya nemi ci.

Sai dai mallakar tsakiya ba ita ce dukan maganar ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka daina kallon 'ya'yan ka koma kallon gidajen da babu kowa, kana tambayar kanka waɗanne shida ne za su rage, kuma wa ke kewaye da su. Ɗan da babu gida buɗe kusa da shi ba ya motsi, komai kyawun wurin da yake. Tarkon da ake kafawa 'ya'ya uku yake buƙata: biyu a jere, gida na uku a buɗe, sannan wani ɗan a gefen buɗaɗɗen gidan daga wani layin, wanda zai faɗa ciki da tafiya ɗaya. Misali, idan kana da 'ya'ya a gida na 2 da na 3 a layi na uku, kana kuma da wani a gida na 4 a layi na biyu, to da zarar an fara tafiya sai ka sauko da shi gida na 4 na layi na uku, ka cika uku. Haka kuma idan biyun suna da gida ɗaya a tsakaninsu, mai faɗawar yana sama ko ƙasa da wannan giɓin. Biyu a jere ba tare da mai faɗawa ba ba tarko ba ne, kuma bai kamata ka ɓata ɗanka wajen toshe irinsu ba sai ka ga na ukun ya matso.

Kowane tarko da ka kafa yana tilasta wa abokin karawarka ya kashe ɗa ɗaya wajen toshewa, wato ya dasa inda kai ka zaɓa masa. Idan ka iya sa ɗa ɗaya da zai buɗe tarko biyu lokaci guda, to ɗaya kawai zai iya toshewa a wannan juyin. A nan ne lissafin juyi yake shigowa. Wanda ya fara dasawa shi ke sa ɗa na 23, na biyu ya sa na 24, sannan na farkon ya fara tafiya. Ke nan idan kai ka fara, burinka shi ne ɗanka na ƙarshe ya bar tarko biyu a buɗe, domin ɗa ɗaya ya rage wa abokinka, kuma kai za ka fara gusawa. Idan kuwa kai ne na biyu, kada ka kuskura ka isa 'ya'yanka biyu na ƙarshe alhali akwai tarkonsa da ba ka toshe ba, ka riƙa toshewa tun da sauran dama, ka kuma nemi toshewar da ita ma take gina naka jerin.

Akwai wata dabara mai kyau da ke fitowa daga ƙa'idar hana jera uku a lokacin dasawa. Idan gidan da tarkonka yake jira ya kasance shi ne kuma na uku a jerin 'ya'yan abokin karawarka biyu, to ba shi da ikon dasawa a ciki, domin zai cika uku, kai ma ba ka da iko. Gidan zai zauna a buɗe har a gama dasawa. Abin da ya rage shi ne wa ke da mai faɗawa a gefensa, kuma wa zai fara tafiya. Idan kai ne za ka fara, ka mallake sauran maƙwabtan gidan, cin farko naka ne. Idan shi ne zai fara, ka sani zai iya gusa ɗaya daga cikin biyun nasa ya zauna a ciki ya toshe ka, ko da bai ci ba, don haka kada ka ɗora dukan fatanka a kan wannan gida. Haka nan a kula da gidan da shigarsa za ta mayar da jerinka huɗu, domin wannan gida ya mutu a wurinka, kuma gwanin ɗan wasa yakan bar ka ka cika layi da 'ya'yanka da gangan don ka toshe kanka da kanka.

Idan an shiga tafiya aka samu ci, kada a yi gaggawar ɗauke ɗan da ya fi kusa da hannu. Ka fara duba ko abokin karawarka yana da tarkon da zai ci da shi a juyi mai zuwa, idan akwai, to mai faɗawar ko ɗaya daga cikin biyun shi ne abin ɗauka. Idan babu, ka duba ɗan da yake tsaye a bakin wani jerin naka ya hana shi cika, domin ɗauke shi yana buɗe maka ci na biyu. Ka tuna kuma cewa kowane ci yana ƙara gida ɗaya buɗaɗɗe a wurin wasan. Sau da yawa mutum yakan ɗauke ɗan da shi ne ya cushe 'yan'uwansa a lungu, sai ya buɗe wa abokin karawarsa hanyar da bai da ita, dara ta ci gida. Idan 'ya'yansa sun cunkushe ba sa motsi, ka bar su a cunkushe, ka ci masu yawo.

Jerin ukun da ka riga ka yi ba ya ƙarewa da ci ɗaya. Kana iya fitar da ɗa ɗaya daga cikinsa, a juyi na gaba ka mayar da shi, ka sake ci, muddin babu ɗan abokin karawa da zai faɗa gidan da ka bari. Wannan yana ba ka ci ɗaya a kowace tafiya biyu. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne tsarin da 'yan dara ke kira doki, wanda yake ci a kowace tafiya. Doki 'ya'ya biyar yake bukata: biyu a jere a layi ɗaya, biyu a jere a layin da ke maƙwabtaka da shi, da na biyar wanda yake kai da kawowa tsakanin layukan biyu. A ce kana da gida na 1 da na 2 a layi na farko, da gida na 1 da na 2 a layi na biyu, na biyar kuma yana gida na 3 a layi na farko. Idan ka sauko da shi ka cika uku a layi na biyu, idan ka mayar da shi ka cika uku a layi na farko, kowace tafiya da cinta. Dokin da aka kafa a gefe ya fi na tsakiya tsaro, domin ƙofofin da abokin karawa zai bi ya shiga gidan da aka bari sun fi ƙaranci, kuma cin farko da na biyu a kan 'ya'yan da ke kusa da waɗannan ƙofofin ya kamata su tafi.

Wanda aka kafa wa doki yana cikin wahala, amma akwai abin yi idan ya farga da wuri. Duk lokacin da ka ga abokin karawarka ya tara biyu-biyu a layuka maƙwabta, ka kai ɗa ɗaya kusa da gidajen da na biyar zai riƙa bi, ka fi son ka kai biyu, domin ɗaya kawai mai dokin zai iya ɗauke maka a lokaci guda. Idan kuma kana da naka tarkon, ka tuna cewa a kowane lokaci uku ne kawai daga cikin biyar ɗin suke da kariya, sauran biyun a fili suke, kuma ɗauke ɗaya daga cikinsu ya karya dokin. Idan 'ya'yanka sun ragu zuwa huɗu ko biyar, ka tattara su wuri ɗaya, domin warwatsattun 'ya'ya ba sa ci ba sa kuma toshewa.

Game da tsarin zaman, dara ta mutum biyu ce, don haka dole a yi tunanin sauran. Hanyar da aka saba ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi wani ya karɓa. Tana da sauƙi, amma tana da illa, domin gwani ɗaya zai iya riƙe wurin har a tashi, mai rauni kuwa ya yi wasa ɗaya ya koma kallo. Na fi ganin adalci a sa kowa ya kara da kowa sau ɗaya. Mutum huɗu wasa 6 ke nan, mutum biyar wasa 10, mutum shida wasa 15, kuma idan an kai shida gara a haƙa wurin wasa biyu ko uku a riƙa yi lokaci guda. A ba wanda ya ci maki biyu, idan kuma an yi ta kai da kawowa babu mai cin wani har tafiya ashirin-ashirin, a ɗauka canjaras kowa ya sami maki ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙe takarda da biro.

Masu kallo su ne babbar jarrabawar daren. Wanda yake tsaye a gefe yakan hango abin da mai wasa bai gani ba, kuma da wuya ya iya haɗiye shi. Gyaran murya, ko cewa "Malam, duba da kyau", ya isa ya rushe tarkon da wani ya ɗauki tafiya goma yana ginawa, kuma wannan zalunci ne ga wanda ya gina. A yarda tun farko cewa babu mai magana a kan wasan da ake cikin yi, hira da barkwanci da zagayen shayi duk suna nan, amma shawara sai an gama. Idan akwai dattijo a wurin, shi ya fi dacewa a ba shi alƙalanci, domin idan ya ce "a bar su su yi" babu mai musu. Kada kuma a sa kuɗi ko wani abu a kan wasan, komai ƙanƙantarsa. Caca haramun ce, kuma ko a zahirin zama, da zarar kuɗi ya shiga sai kowane kuskure ya zama zargi, abokai su koma masu bin juna bashi.

Idan akwai wanda bai taɓa yi ba, kada a fara shi da dogon bayani. A nuna masa yadda ake gusawa da yadda ake ci, a bar shi ya kalli wasa ɗaya, sannan a haɗa shi da wanda yake da haƙuri. Gwanin da ke karawa da shi yana iya rage wa kansa ƙarfi ta hanyar faɗa da baki duk lokacin da ya kafa tarko, ba tare da ya nuna inda yake ba, ta yadda sabon zai koyi nema da idonsa. Bayan an gama, kafin a kwashe 'ya'yan, a mayar da su yadda suke a ƙarshen dasawa gwargwadon abin da aka tuna, ko a ɗauki hoton wurin da waya a daidai wannan lokacin don a duba daga baya, a nuna masa gidaje shidan da suka rage da wanda ya kewaye su. A nan masu kallo suke da damar faɗin duk abin da suka riƙe a ciki. Idan sabon ya fara gano tarkon kafin a faɗa masa, sai a daina sanar da shi, a sa sunansa a takardar maki tare da kowa a zama na gaba.